Dajin da gonaki suka kewaye, shi ma tsibiri ne

Daga shekarar 1500 zuwa yau duniya ta yi asarar ire-iren tsuntsaye sama da 150, sun ƙare ƙurmus, ko ɗaya bai saura ba balle a samu iri. Kusan tara cikin goma na waɗannan tsuntsaye mazauna tsibirai ne, alhali tsibirai ɗan yanki ne kawai na doron ƙasa, kuma akasarin tsuntsayen duniya ba a can suke zaune ba. Mu mutanen Bauchi da Gombe ba mu da teku, da yawanmu ma ba su taɓa ganinsa ba. Duk da haka na yi imani dalilin da ya sa mutuwa ta fi yi wa tsuntsun tsibiri dirar mikiya ya shafi dazukan Yankari da Lame-Burra da Kanawa fiye da yadda muke zato.

Tsibirai irin su Hawai da Morishus da Sawo Tome aman wuta ne ya turo su daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba. Abin da zai isa irin wannan wuri sai mai fiffike, ko wanda ruwa ya kwaso a kan gungume. Don haka aka yi dubban shekaru babu kyanwa, babu ɓera, babu biri, babu kura. Tsuntsun da guguwa ta jefo can ya tarar da abinci, bai tarar da maƙiyi ba, sai zuri'arsa ta riƙa sauyawa sannu a hankali. Tsoro ya fita daga jininta. Wasu suka koma yin sheƙa a ƙasa, wasu suka rage ƙwai zuwa ɗaya tak a shekara, wasu ma suka daina tashi baki ɗaya, domin tashi aiki ne mai cin ƙarfi, kuma babu abin da ake gudu. Tsuntsun Morishus da ake kira dodo dangin tattabara da kurciya ne da ya yi ƙiba ya bar sama. Jiragen ruwan mutanen Holan sun isa tsibirin a 1598, ganin ƙarshe da masana suka amince da shi kuma a 1662 aka yi. An daɗe ana ɗora laifin a kan tukunyar matuƙan jirgi, amma yawancin masana yanzu sun fi zargin aladu da birai da ɓerayen da suka sauko daga jiragen, waɗanda suka riƙa cinye ƙwan da ke ajiye a ƙasa babu mai tsaro.

Labarin da ya fi tayar mini da hankali na kwanan nan ne, a tsibirin Guwam da ke Tekun Fasifik a ƙarƙashin ikon Amurka. Jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani maciji mai launin ƙasa-ƙasa, gwanin hawa bishiya, ya shigo tsibirin, ana kyautata zaton a cikin kayan sojoji ya ɓuya daga yankin Niyu Gini. Dafinsa bai isa ya kashe babban mutum ba, da dare yake fita, saboda haka an daɗe ba a damu da shi ba. Tsuntsaye suka fara ɓacewa daga kudancin tsibirin, abin yana matsowa arewa shekara bayan shekara, jama'a suna ta zargin maganin feshi ko wata annoba. Sai a shekarun 1980 wata mai bincike, Julie Savidge, ta nuna cewa duk inda macijin ya isa, nan tsuntsaye suke ƙarewa, kuma da farko ba a yarda da ita ba. Kafin a farga, iri 10 cikin 12 na tsuntsayen dajin Guwam sun tafi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kamata manomi ya saurara. Da tsuntsaye suka ƙare, gizo-gizo ya samu sarari. Wani bincike ya gano cewa da damina saƙarsa a dajin Guwam ta ninka ta tsibiran maƙwabta har sau 40. Bishiyoyi kuma suka rasa mai kai musu iri nesa. 'Ya'yan itace suna faɗuwa a gindin uwa, su ruɓe a nan ko ƙwari su cinye su, kuma binciken da aka yi kan wasu bishiyoyi biyu ya nuna sabon tsiro ya ragu da kashi 61 zuwa 92 cikin 100. Dajin yana tsaye, kore shar, amma ya daina haihuwa yadda ya saba. Yau hukumomin Amurka suna manna ƙwayar farasitamol a jikin matattun 'ya'yan ɓera, su liƙa su a ɗan kwali mai dogon zare, su sako su daga jirgi mai saukar ungulu, zaren ya sarƙe a reshe, maciji ya zo ya haɗiye, domin wannan maganin da muke sha don ciwon kai guba ne a gare shi. Ana kashe maƙudan kuɗi kowace shekara, burin kuma bai wuce a rage shi a hana shi hawa jirgi zuwa wani tsibirin ba.

A Hawai maƙiyin ya fi maciji ƙanƙanta. Babu sauro a tsibiran kafin 1826, lokacin da wani jirgin ruwa ya kawo shi. Daga baya tsuntsayen keji da aka shigo da su suka kawo irin zazzaɓin cizon sauro mai kama tsuntsaye. 'Yan asalin wurin ba su da garkuwa a jiki. Akwai wani jan tsuntsu mai lanƙwasasshen baki da gwaji ya nuna cizo ɗaya yana kashe tara cikin goma nasa. Daga cikin iri sama da 50 na dangin masu shan zumar fure, kimanin 17 ne suka rage, mafi yawansu a kan duwatsu inda sanyi yake hana sauro da ƙwayar cutar sakewa. Yanzu ɗumamar yanayi tana tura sauro sama, dutse kuwa yana da ƙarshe. A 2023 gwamnatin Amurka ta bayyana tsuntsayen Hawai takwas a matsayin waɗanda suka ƙare. A ƙarshen wannan shekarar aka fara sakin miliyoyin mazan sauro a tsibirin Mawi, waɗanda ba sa cizo, ɗauke da wata ƙwayar bakteriya da ke sa ƙwan macen da suka sadu da ita ya ƙi ƙyanƙyashewa.

An sha gwada kawo wata dabba don ta cinye wata, kuma kusan kullum garin neman gira ake rasa ido. A 1883 masu gonakin rake a Hawai suka shigo da tunku daga waje don ya kashe ɓeraye. Ɓera da dare yake yawo, tunku da rana, sai tunkun ya koma kan ƙwan tsuntsaye. A tsibirin Ascension da ke tsakiyar Tekun Atalantika kyanwoyi aka kawo a 1815 saboda ɓeraye, suka kori tsuntsayen teku daga babban tsibirin sai 'yan duwatsun gefe.

To amma tekun da ya hana tsuntsu gudu, shi ne kuma katangar da take ba mai ceto dama. Idan aka kawar da baƙon maƙiyi daga tsibiri, ba zai dawo da ƙafa ba. An gama kawar da kyanwoyin Ascension a farkon shekarun 2000, kuma a 2012 aka ga wani babban tsuntsun teku daga cikin waɗanda kyanwoyin suka kora ya dawo ya yi sheƙa a babban tsibirin bayan shekaru sama da 150. Ribar ma ba ta tsaya kan tsuntsaye ba. A tsibiran Chagos na Tekun Indiya, binciken da aka wallafa a 2018 ya kwatanta tsibirai masu ɓera da marasa ɓera. A marasa ɓeran yawan tsuntsayen teku ya ninka fiye da sau 700, kashinsu yana zama taki yana gangarawa ruwa, kifin da ke gefen waɗannan tsibirai kuma ya fi na sauran yawa da kusan rabi. Aikin dai ba ya karɓar rabi da rabi. A tsibirin Henderson da ke Tekun Fasifik an baza gubar ɓera a 2011, 'yan tsirarun ɓeraye suka tsira, cikin 'yan shekaru suka koma yadda suke.

Akwai kuma ceto na hannu da hannu. A 1974 wani ƙaramin shaho na Morishus ya rage guda 4 kacal da aka sani a duniya, bayan sare daji da feshin DDT da aka yi don yaƙi da sauro, wanda ke sa ɓawon ƙwai ya yi laushi. Da yawa sun yanke ƙauna. Carl Jones, wani matashi daga Birtaniya da ya isa tsibirin a 1979, ya riƙa hawa duwatsu yana kwashe ƙwan farko ya kai na'urar ƙyanƙyasa, uwar kuma ta sake yin wasu. Dabara ce da iyayenmu mata suka daɗe da sani a kan zabuwa: a riƙa ɗebe ƙwan ana sa wa kaza, ita kuma ta ci gaba da nasawa. Yau shahon ya kai ɗaruruwa. A ƙasar Seshel, wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya ya rage ƙasa da 30 a tsibirin Cousin, wanda bai kai hekta 30 ba kuma an mai da shi gonar kwakwa. A 1968 ƙungiyar da yanzu ake kira BirdLife International ta sayi tsibirin, ta bar dajin asali ya farfaɗo, sannan aka riƙa kwasar tsuntsayen ana kai su wasu tsibirai huɗu don kada bala'i ɗaya ya share su. Yanzu sun kai dubbai.

Waɗannan nasarori suna faranta mini rai ƙwarai, amma galibinsu a wuraren da mutane ba su da yawa aka same su, ko inda akwai kuɗin Turawa da na masu yawon buɗe ido. Wurin da ya fi kama da halinmu yana nan kudu da mu. Tsibirin Firinsife ya fi kusa da Fatakwal a kan kusancin Bauchi da Fatakwal, kuma tun 2001 Najeriya take da yarjejeniyar haƙar mai ta haɗin gwiwa da ƙasar Sawo Tome da Firinsife. Faɗin duk ƙasar kimanin murabba'in kilomita 1,000 ne kawai, mutanenta sun ɗan haura dubu 200, amma tana da tsuntsaye sama da iri 25 da babu su a ko'ina a duniya. Babu kowa a tsibiran lokacin da mutanen Fotugal suka iso wajejen 1470. Suka sare daji suka shuka rake da ƙarfin bayi, daga baya gahawa da koko, har a farkon ƙarni na 20 Sawo Tome ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da koko. Abin da ya tsira shi ne dajin kudu maso yamma, inda duwatsu da yawan ruwan sama suka gagari masu gona. A can ne a 1991 aka sake ganin wani ƙaton kanari mai kaurin baki, mafi girma a danginsa, bayan kusan shekara 100 ana zaton ya ƙare. An mai da wannan daji gandun Obô a 2006, amma a 2009 gwamnati ta ba wani kamfanin manja mai jarin Turai kimanin hekta 5,000, mafi yawansu a kudancin tsibirin Sawo Tome, daf da gandun.

Nan ne maganar take da wuya, kuma ba na son a sauƙaƙa ta. Ƙasar matalauciya ce, gonar manja tana ba mutane aiki, maharbin da ke harbin kurciyar daji ko matar da ke tsintar dodon koɗi abincin gida suke nema. Sai dai masu bincike a can sun lura da wani bambanci mai muhimmanci: gonar koko da ake nomawa a inuwar manyan bishiyoyi tana riƙe da yawancin tsuntsayen asali, gonar kwakwar manja zalla kuwa kusan fayau take. Ashe tambayar da ta fi amfani ita ce wace irin gona za a yi, tunda gona dai sai an yi. Akwai kuma labarin mujiyar Firinsife, wadda sai a 2022 masana suka tabbatar da ita a matsayin sabon iri. Wanda ya jagorance su zuwa gare ta tsohon mai kama aku ne da ya shekara yana hawa bishiyoyi yana leƙa kogo, daga baya ya zama mai tsaron gandu, kuma laƙabinsa, Bikegila, aka sa wa mujiyar.

Kafin in dawo gida akwai tsibiri ɗaya da ya bambanta da sauran. Barro Colorado a ƙasar Panama tudu ne kawai a tsakiyar kurmi, har zuwa lokacin da aka tare kogi don gina mashigin jiragen ruwa na Panama wajejen 1914, ruwa ya kewaye shi. Tun 1923 ake tsaronsa, babu sara, babu farauta, babu baƙon maciji. Duk da haka ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren tsuntsayensa. Dalili shi ne a ƙaramin wuri kowane iri 'yan kaɗan ne, shekara ɗaya ta fari ko ta cuta tana iya share su, kuma idan sun tafi babu 'yan'uwa da za su ƙetaro su cike gurbi. Yawancin tsuntsayen ƙarƙashin kurmi ba sa yarda su ƙetare fili ko ruwa, ko da na mita 100 ne. Gwajin da aka fara a dajin Amazon na Birazil a 1979, inda aka bar guntayen daji a tsakiyar wuraren kiwo, ya tabbatar da haka: guntu mai hekta 100 yana rasa rabin ire-iren tsuntsayen ƙarƙashin bishiyoyinsa cikin ƙasa da shekara 15.

Yankari tana da faɗin murabba'in kilomita 2,244, ta fi tsibirin Morishus girma, ta ninka ƙasar Sawo Tome da Firinsife fiye da sau biyu, kuma an ƙidaya tsuntsaye sama da iri 350 a cikinta. Lokacin da aka keɓe ta a 1956 daji ce a cikin daji, dabba da tsuntsu suna shiga suna fita. Wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe a 'yan shekarun nan, ya karkata a Dindima ya nufi Mainamaji, ya san abin da idonsa yake gani: gonaki har bakin iyaka, da buhunan gawayi a jere a gefen titi, an toshe bakinsu da ganye, suna jiran motar da za ta kai su birni. Kirya da marke su ne mai gawayi ya fi so, madobiya kuma 'yan katako sun bi ta don kasuwar Chana har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya. Waɗannan tsofaffin bishiyoyi masu kogo su ne ɗakin haihuwar burtu da cilakowa da tsirya da mujiya. Burtu ba ya yawan haihuwa, ɗa ɗaya yake rainawa, ma'aurata kuma suna buƙatar fili mai faɗi. Irin wannan tsuntsun ne yake fara ɓacewa idan wuri ya tsuke. Abin da ya shafi Yankari mai girma ya fi tsanani a ƙananan wurare kamar dajin Kanawa kusa da Gombe, ko bishiyoyin da ke gefen tafkin Maladumba a Misau, wanda aka sa cikin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008.

Gaskiya ne kwatancin bai cika ta kowace fuska ba. Shamuwa tana zuwa daga kudancin nahiyar nan gabanin damina, ba ta damu da gona ba, haka belbela da jan baki. Tsuntsayenmu kuma sun san maciji da shaho tun fil azal, ba za a yi musu irin ta Guwam ba. Sannan ba mu da katangar teku, saboda haka ba za mu iya kawar da matsala sau ɗaya mu huta ba. Amma muna da abin da mutanen tsibiri ba su da shi: abin da ya kewaye dazukanmu ƙasa ce, kuma mu ne muke yanke shawarar yadda za ta kasance. Gonar gargajiya da kakanninmu suka bari, mai ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da gawo a warwatse, tsuntsu yana iya binta daga bishiya zuwa bishiya har ya isa wani dajin. Haka kurmin bakin rafi, haka burtali idan ba a nome shi ba, haka tsofaffin bishiyoyin maƙabarta. Gonar da aka tumɓuke komai don tarakta ta wuce kuwa, ga ƙaramin tsuntsun kurmi ba ta da bambanci da ruwa.

Shi ya sa nake ganin shirye-shiryen dashen bishiya, duk da amfaninsu wajen yaƙi da zaizayar ƙasa da ta addabi Gombe, ba za su wadatar ba idan dogon yaro da turare kawai ake jerawa. Dashen bana ba zai yi kogo ba sai bayan gomman shekaru, wasu ma ba za su taɓa yi ba. Hana sare tsohuwar kirya ɗaya a bakin rafi ya fi wa burtu amfani a kan dashe ɗari a gefen titi. Kuma ba za a hana da baki kawai ba, domin mai gawayi ba mugu ba ne, matar da ke saye a Wunti ko Tudun Wada tsadar gas da kananzir ce ta kai ta. Matuƙar girki a birni ya dogara da gawayi, ma'aikacin gandu da bindigarsa ba zai iya tare wannan kasuwa ba. Dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo, waɗanda suka san wace gona ce ta ci burtali kuma wace bishiya ce ta fi shekara ɗari, su ya kamata a fara zama da su, tare da maharba, domin babu wanda ya san inda tsuntsu yake kwana kamar mai neman sa.

An gane asarar Barro Colorado ne saboda akwai waɗanda suka rubuta abin da suka gani tun shekarun 1920. Mu kuwa ungulu ta ɓace daga kwatar garuruwanmu, gauraka ta yi wuyar gani a fadamunmu, sai daga baya muka fara tambayar juna yaushe rabonmu da su. A 2015 aka sa ungulun gari cikin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta don magani yana cikin manyan dalilai. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, mai sa kai ya shiga da wayarsa ya rubuta duk tsuntsun da ya gani. Matasan Arewa suna cikin waɗanda suka fi ƙoƙari a wannan aiki. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna da ɗaliban nazarin halittu da ke neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara, kuma gidajen da ke tsakanin Yankari da kogin Gongola, inda gonaki suke cin daji yanzu, su ne ya kamata a riƙa komawa ana ƙidayawa damina da rani.